AGOGON MANYA A TEBURIN TALAKA: YADDA NA HAƊA NAWA A MINNA

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Jama'a mazauna Kudu, mutanen Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, har da ku na Anaca da Fatakwal: Wannan makon na ajiye labarin siyasa da na farashin doya a Paiko, na kawo muku labarin wani agogon hannu da na haɗa da kaina a ɗakina a nan Minna, wanda ya ci mini wata huɗu, ya kuma kusa raba ni da barci. Na san da yawa daga cikinku agogo ne abincinku, kuna yawo da shi a allo ko a akwatin gilashi a tashoshin mota da bakin kasuwa. Saboda haka maganar ta shafe ku fiye da yadda ta shafi mai saye.

Mafarin abin shi ne wani hoto da na gani. Agogo ne siriri, fuskarsa fara sol, babu rubutu barkatai, babu lambobi manya, sai 'yan ƙananan sanduna a wurin sa'o'i da wani ɗan da'ira a ƙasa inda tsinken daƙiƙa yake juyawa shi kaɗai. Irin wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin hannun babbar riga a tafi ɗaurin aure, watau agogon ado, wanda ba ya ihu, sai wanda ya san shi ya gane shi. Sunansa Calatrava, na kamfanin Patek Philippe da ke birnin Janiba a ƙasar Suwizalan. Kamfanin ya kafu tun 1839, shi kuwa wannan samfurin an fara fito da shi a 1932, faɗinsa a lokacin bai wuce milimita 31 ba. Wani abin mamaki, sunan ma asalinsa Larabci ne, daga wani gari mai ganuwa na Andalus da ake kira Ƙal'atu Rabah, Turawan Sifen suka murɗe shi ya koma Calatrava. Sabon samfurin da suka fitar a 2021 an sa masa kuɗi kusan dala dubu 30. Ku da kuke canji a Ikko kun fi ni sanin abin da wannan ya zama a naira. Ni dai da na lissafa, na ga ko albashina na shekara goma aka tara mini bai kai ba.

To, maimakon in haƙura, sai na nufi wurin wani dattijo mai gyaran agogo da na daɗe da sani a bakin kasuwa.

GARIN JIRGI, GARIN AGOGO

Kafin in ci gaba, ya kamata wanda bai san Minna ba ya san cewa garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Layin dogon da aka taso da shi daga Baro a bakin Kwara ta nan ya ratsa har ya isa Kano a 1911, a nan kuma layin da ya fito daga Ikko ya zo ya haɗu da shi. Tun kafin Minna ta zama hedkwatar Jihar Neja a 1976, mahaɗar jirage ce. Jirgi kuwa ba ya tafiya da hantsi ko la'asar sakaliya, da minti yake tafiya. Shugaban tasha da direba da mai ba da hannu duk sai da agogo, kuma dole agogon Minna ya yi daidai da na Kaduna da na Ikko, in ba haka ba jirage biyu su haɗu a layi ɗaya. Wannan lokacin da muke aiki da shi yau a Nijeriya, wanda ya riga agogon GMT da awa ɗaya, a 1919 aka tsayar da shi. Inda agogo ya yi yawa kuwa dole a sami mai gyaransa, shi ya sa sana'ar ta zauna a garuruwan jirgi tun da wuri.

Amma sana'ar ta sha bugu har sau biyu. Na farko ya zo daga Japan. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fito da agogon hannu na farko a kasuwa wanda batir yake kaɗa wani ɗan ƙanƙanin dutse a cikinsa, sau 8,192 a daƙiƙa guda. Da farko tsada gare shi, amma cikin 'yan shekaru ya zama na kowa, ga arha, ga daidaito. Su kansu mutanen Suwizalan sun ji jiki, domin ma'aikatan agogonsu sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Bugu na biyu shi ne wayar hannu, wadda ta shigo mana a 2001, ta sa yaro ba ya tambayar kowa ƙarfe nawa. Yau in ka tsaya a teburin mai gyara na rabin yini, abin da za ka ga yana yi shi ne canza batir da rage tsawon sarƙa. Hannun da ya iya warware inji mai wani ya mayar da shi, ya koma sayar da batir.

Shi ya sa da na nuna wa dattijon nan hoton na ce ina so in yi irinsa, sai ya yi dariya har ya cire gilashin da ke idonsa. Amma na lura dariyar ta jin daɗi ce.

ƘIRA DABAN, HAƊAWA DABAN

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu don kada wani ya ɗauka na zama maƙerin agogo. Abin da na yi haɗawa ce. Agogon hannu kashi shida ne in an rarraba shi: inji, da fuska, da tsinkaye, da gidan da ake zuba su ciki tare da gilashinsa, da mawani, da maɗauri. Duk ana sayar da su daban-daban, mafi yawa daga ƙasar Sin, kuma mutane da yawa a Turai da Amurka da Asiya sun mai da haɗa su abin sha'awa, kamar yadda wani yake kiwon tattabaru.

Inji shi ne zuciya. Masu wannan sha'awa sun fi amfani da iri biyu. Akwai NH35 na gidan Seiko, mai wana kansa da motsin hannu, duwatsunsa 24, yana kuma iya kwana biyu ba cikakku ba, watau kamar awa 41, in an ajiye shi. Akwai kuma wani tsohon inji na Suwizalan mai lamba 6498, wanda tun wajen 1950 aka yi shi domin agogon aljihu. Shi da hannu ake wana shi, duwatsunsa 17, faɗinsa milimita 36.6, kuma saboda girmansa makarantun koyon gyaran agogo da shi suke fara koya wa ɗalibai. Kamfanin Seagull na birnin Tiyanjin, wanda ya fara agogo a 1955, yana yin kwatankwacinsa da arha. Shi na saya, domin tsinken daƙiƙarsa yana ƙasa wajen ƙarfe shida, daidai da na hoton. Illarsa ɗaya, girman nan nasa ya sa gidan da zai ɗauke shi sai ya kai milimita 42. Ke nan tun ban fara ba nawa ya riga ya fi na masu kuɗin ƙiba.

Waɗannan duwatsu da ake rubutawa a bayan agogo, mutane da yawa suna zaton dukiya ce a ciki, har na taɓa jin mai talla yana ƙara kuɗi saboda su. Yaƙutu ne na haɗi, wanda ake yi a masana'anta, an dasa shi a wuraren da ƙafafun inji suke juyawa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi injin kansa ba shi da wani sihiri. In ka wana, kana naɗe wani dogon sifirin ne a cikin ɗan gwangwani. Yana warwarewa yana tura ƙafafu masu haƙora, wannan ta tura waccan. Da babu abin da ya tare shi da zai warware nan take. Abin da ke tare shi wata 'yar ƙafa ce mai lilo, tana zuwa tana dawowa a kan wani sifirin da ya fi gashin kai sirantaka, kowane zuwa ta saki haƙori ɗaya. Ƙarar nan da kake ji in ka kai agogo kunne, ita ce. A nawa tana bugawa sau shida a daƙiƙa, sau 21,600 a awa, sau 518,400 a yini da dare, ba hutu.

Kayan duka, har da sukurdireba ƙanana da hantsaki da gilashin ido da abin danna tsinke, kuɗinsu bai kai na matsakaicin ragon layya ba. Jiran isowarsu ya fi biyan kuɗin wuya.

ƘURA, GUMI DA ƊAUKE WUTA

Kayan sun iso cikin hunturu, kuma duk wanda ya san hunturun Minna ya san abin da nake nufi. Ka share tebur, ka juya ka ɗauko hantsaki, ka dawo ka tarar ƙura ta sake sauka. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan farar fuskar agogo, in an rufe gilashi, sai ta zama kamar ƙuda a cikin nono, idonka ba zai ƙara ganin kome ba sai ita. Sau biyar ina rufe gidan ina buɗewa. Dabarar da dattijon ya koya mini ita ce in yayyafa ruwa a ƙasa, in rufe taga, in kashe fanka, in jira ƙura ta kwanta, sa'an nan in kifa kofin gilashi a kan duk abin da ban taɓa ba tukuna. Ka kashe fanka a Minna kuwa sai gumi, shi kuma gumi in ya ɗiga a kan inji tsatsa ce. Ga ɗauke wuta. Jihar da take da Kainji da Shiroro da Zungeru, ni ina aikin agogo da tocila a baki.

Hasarata ta farko mawani ne. Sandar da ke haɗa mawani da inji da tsawonta take zuwa, kai za ka auna ka yanke daidai da gidan agogonka. Na auna sau ɗaya na yanke, ta gaza da abin da bai kai kaurin farce ba, mawanin ya ƙi kamawa. Sai da na jira wata sabuwa mako uku. Ta biyu na riƙa ragewa da zarto kaɗan-kaɗan ina gwadawa, kamar tela mai tsoron ɓata shadda.

Ta biyu ta fi ciwo. Ɗora tsinkaye shi ne aikin da ya fi kowane wuya. Na awa ake fara dannawa, sa'an nan na minti a samansa, dole kuma su haɗu cif a kan ƙarfe goma sha biyu, su kuma zauna a miƙe, kada na sama ya goge na ƙasa, kada ya taɓa gilashi. Ramin tsinken daƙiƙa bai kai rabin milimita ba. Ina cikin dannawa hantsakin ya zame, ya ja layi a kan fuskar daga ƙarfe biyar zuwa ƙarfe bakwai. Na zauna ina kallon layin nan har aka kira sallar asuba. Akwai kuma wata 'yar kusa da ta tsalle daga hantsaki, na share ɗakin kaf da maganaɗisu ban same ta ba har yau. Dattijon ya zazzage wani tsohon gwangwanin madara cike da gawarwakin agoguna, ya zaɓo mini wata, bai karɓi ko kwabo ba.

MAGANAR SUNA

Lalacewar fuskar nan ce ta kai ni ga ainihin abin da ya sa na rubuta wannan labari. Da na koma neman wata, sai na tarar iri biyu ake sayarwa. Akwai wadda babu rubutu a kanta ko kaɗan. Akwai kuma wadda aka buga mata sunan babban kamfani da tambarinsa, har da rubutun nan na ƙasa mai cewa a Suwizalan aka yi. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Na ce ai ni zan ɗaura, ba sayarwa zan yi ba, wa na cuta?

Dattijon bai yi mini wa'azi ba. Labarin teburinsa ya ba ni. Ya ce babu watan da zai wuce ba a kawo masa agogo mai babban suna ba, mai shi yana alfahari, wani tsaraba aka kawo masa, wani a lefe aka sa, wani kuwa jingina ya karɓa a madadin bashin da yake bi. Yana buɗe bayan sai ya tarar da injin batir na roba, ɗan mitsitsi, an kewaye shi da zoben roba don ya cika gidan. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda zai gaya wa mutum ba tare da ya haɗa shi faɗa da surukinsa ko amininsa ba. Na yi tunani a kan wannan. Agogo yana daɗewa fiye da niyyar mai shi. Yau yana hannuna na san ni na haɗa, gobe in kyautar, jibi a raba gado, wanda ya gada ya kai kasuwa da zuciya ɗaya, sunan da ke fuskar yana yi masa rantsuwar ƙarya.

Kwaikwayon siffa kuwa wani abu ne daban. Farar fuska da sanduna da ɗan da'irar daƙiƙa, kamfanoni barkatai sun yi irinsu tun shekarun 1930, kowa da sunansa a kai, kamar yadda kowane maɗinki yake yin aska takwas ba a ce ya yi sata ba. Satar tana farawa ne daga inda aka ɗauki sunan wani aka liƙa. A Nijeriya akwai doka tun zamanin Turawa da ta hana buga tambarin wani ko yin bayanin ƙarya a kan kayan sayarwa. Mutanen Suwizalan sun fi tsanani: tun 2008 kwastan ɗinsu suna iya ƙwace jabu ko da na ɗaurawar mutum ne ya shigo da shi, kuma tun 2017 ba a yarda a rubuta sunan ƙasarsu a kan agogo ba sai kashi 60 cikin 100 na kuɗin yinsa a can aka kashe.

Ku 'yan'uwana masu tallan agogo a Kudu, na san amsarku, na kuma yarda da rabinta. Wanda ya tsaya a cunkoson motoci ya sayi agogo mai sunan Rolex a kuɗin kwanon shinkafa ya san abin da ya saya, ba ku rufe shi ba. Kuma ba ku kuka buga sunan ba, haka kuka saro a Idumota. Amma in rana ta ɓaci, wanda ke riƙe da allon ake kamawa, babban dillalin da ya cika kwantena yana gida yana shan iska. Ranar da mai saye ya ga an cuce shi kuma, ba ya cewa wane ya cuce ni, cewa yake Bahaushe ya cuce ni, sai abin ya shafi mai goro da mai shayi da mai gadi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A ganina wanda ya iya buɗe agogo, ya canza inji, ya ɗora tsinke, ya fi mai allo zama lafiya, domin shi ana nemansa ne, ba ya bin kowa da talla.

Na sayi fuskar da babu rubutu.

WANDA YA YI SHI TUN DAGA ƘARFE

Don kada mu masu haɗawa kanmu ya kumbura, akwai wani Bature ɗan Ingila, George Daniels, wanda aka haifa a 1926 cikin talauci, ya rasu a 2011. Shi tun daga gundumen ƙarfe yake farawa, ya yanka ƙafafun, ya fere haƙoran, ya ƙera gidan, ya zana fuskar, duk shi kaɗai. Agogo ɗaya yakan ci masa fiye da shekara, waɗanda ya yi haka a duk rayuwarsa kuwa ba su kai 40 ba. Ya ƙirƙiro sabuwar hanyar sakin haƙori wadda ba ta bukatar mai sosai, ya yi ta yawo da ita kamfanoni suna ƙi, sai a 1999 kamfanin Omega ya fara sa ta a agogunansa. Wani saurayi mai suna Roger Smith ya taɓa kai masa agogon da ya yi da hannunsa, ya duba ya ce bai yi ba, ya koma. Yaron ya shafe kimanin shekara biyar yana sake aikin kafin ya karɓe shi almajiri. Yau agogunan Smith, masu ɗauke da sunan Smith, sai an yi layin shekaru kafin a samu.

TAGULLAR BIDA DA FATAR SAKKWATO

Da na gama, agogon ya tashi, amma yana gudu da kusan minti biyu a yini. Ashe na ajiye shi a kan rediyo ne, maganaɗisun lasifika ya kama sifirin ɗin nan mai kama da gashi. Ku lura da wannan, ku masu ajiye haja kusa da lasifika ko waya. Bayan an cire masa maganaɗisun, muka daidaita shi da wata manhaja ta waya mai sauraron bugun inji, dattijon yana taɓa ɗan hannun daidaitawa da bakin tsinken sakace, yana kallon wayar da mamaki, ita wayar da ta kashe masa kasuwa. Yanzu yana ƙara kamar daƙiƙa 15 a yini. Agogon batir na kuɗin kwanon shinkafa ya fi shi daidai, na sani.

Maɗaurin da ya zo da shi roba ce da aka yi wa zanen fatar kada, mako biyu ta fara ɓarewa. Na kai wa wani baduku ya yanka mini na jar fatar akuya. Wannan fata ta akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna saye ta hannun fataken Sahara suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita. Mu ma ashe an taɓa ɗora wa kayanmu sunan wani.

Saura fuska. Farar nan da babu rubutu tana da kyau, amma ta Sin ce, kuma kowa zai iya sayen irinta. Ga Bida nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, inda maƙeran tagulla na Tswata Mukun suke buga zane a kan tire da buta da kwano tun kakanni, ga kuma Masaga masu narka gilashi. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da suka yi fice a sana'ar hannu. Fuskar agogo kuwa, ta masu tsada da ta masu arha, yawanci faifan tagulla ne aka yi wa fenti. Sai na ce me zai hana.

Na je Bida da tsohuwar fuskar da na ɓata a matsayin ma'auni. Maƙerin da na samu ya juya ta a tafin hannunsa, ya yanko faifai, ya buga masa irin zanen ganyen da suke yi a bakin tire, ƙanana ƙwarai, ya bar tsakiya fili inda za a rubuta Minna. Aikin ya yi kyau har na rasa abin cewa. Da na dawo gida na auna, sai na tarar kaurinsa ya kusa milimita ɗaya, alhali fuskar agogo ba ta wuce 0.4, in ta wuce tsinkaye ba za su sami wurin kamawa ba. Bugun zanen ya kuma sa faifan ya ɗan lanƙwashe, ga ƙafafu biyu da za a liƙa masa a baya don ya kama inji, waɗanda dattijon ya ce da dalma za mu gwada. Ranar Asabar mai zuwa zan koma Bida da ma'aunin kauri a aljihu, da faifai uku da na sa aka murje mini a Kateren Gwari.